Kwano Takwas na Cha'ibu Mai Caji

Wallahi ko hannunku zan kama in kai ku Matameye, in nuna muku ƙofar gidan, in nuna muku turmin da taɓaryar, ba za ku yarda da wannan labari ba. Cewa za ku yi na ƙara masa gishiri. To ban ƙara ko ƙwaya ba. In ma akwai abin da na yi, ragewa na yi, don mutumin yana da rai, kuma har yau in aka ambaci dambu a gabansa sai ya tuna yana da wani aiki a tasha.

Sunansa Cha'ibu, ɗan wani ƙauye ne a bayan Kance. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyar ya bari, kuma in ka tambaye shi dalili sai ya ce mushe, malaminsu, shi ne da kansa ya roƙe shi ya tafi, don yana kunyata shi a kalkil, wato lissafi, gaban yara. Rani shida ya yi yana zuwa ci-rani Kano tare da abokansa biyu, Iliyasu da Sa'adu, suna tura baro a kasuwa, suna kwana ɗaki ɗaya. A na bakwai ya ce shi ya wuce tura kayan wani. Ya zo Matameye, ya kama ɗakin zaure a gidan wata tsohuwa, Hajiya Shekara, ya kafa teburin cajin waya a bakin tasha.

Wata huɗu ya yi a unguwar bai gaida kowa ba. Da safe ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa ya wuce, da yamma ya dawo haka. Ba wanda ya san sunansa, sai dai a ce mai caji. Abincinsa kuwa garin rogo da ƙuli-ƙuli da rana, shayi da rabin biredi da magariba.

Amma ku ji saƙon muryar da yake tura wa 'yan Kano:

"Kai Iliyasu, har yanzu garau-garau kuke ci a leda? Ni nan tun da na zo ban taɓa hura wuta ba. Kwano takwas kullum, daga gida takwas! Har rigima matan unguwa suke a kan wadda zan fara buɗe nata. Jiya zabuwa guda na mayar, na ce na gaji da nama."

Ranar wata Laraba yana zaune a tebur sai ga kiran Sa'adu.

"Mutumina, damina ta matso, gobe za mu tafi gida. Mun ce ba za mu wuce Matameye ba sai mun gaida sarkin kwanuka. Da la'asar muna nan."

"Gobe? Ai gobe... akwai taro."

"Taron me?"

"Na manyan gari."

"To ka je taronka, ka bar mu da kwanukan. Iliyasu ya ce tun daga Kano ko ruwa ba zai sha ba, kada ya tare wa zabuwa wuri."

Ya kashe waya. Cha'ibu ya zauna yana kallon wayoyin mutane suna shan wuta, shi kuwa tasa ta ɗauke. In waɗannan biyun suka zo suka ga garin rogo, kafin su kai Kance labari ya riga su, kuma kafin rani ya zagayo duk masu baron Kano sun haddace shi. Sa'adu kaɗai ya isa. Mutum ne da ya taɓa ganin wani ya faɗi a kwata, ya shekara uku yana kwaikwayon faɗuwar.

Can sai ya tuna wani abu. Watan jiya wani direba ya ba shi mangwaro uku, ya ga sun fara laushi, ya zuba su a kwanonsa guda ɗaya tak da ya mallaka, ya miƙa wa Hajiya Shekara. Ba a jima ba kwanon ya dawo cike da tuwo. Da ya yi mamaki, tsohuwar ta ce, "Mu a unguwar nan ba ma mayar wa mutum da kwano babu komai a ciki, ɗan nan. Abin kunya ne."

Cha'ibu ya miƙe tsaye har kujera ta kife. Mangwaro uku sun haifi tuwo! To in aka raba kwano ɗaya gida biyu, aka kai gida biyu, nawa za su dawo? Biyu, cike. A raba biyun, huɗu. A raba huɗun, takwas. Ya zana a ƙasa da tsinke, ya sake zanawa, ya fito daidai.

"Allah sarki mushe," ya ce, "da ka ga wannan da ka san wanda ka rasa."

Washegari da hantsi ya cire abin kunnensa, ya durƙusa a tsakar gida har gwiwa na taɓa ƙasa.

"Hajiya, barka da hantsi. An tashi lafiya?"

Tsohuwar tana bakin murhu. Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Lafiya lau. Ashe kana da baki. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Baƙi zan yi daga Kano da la'asar."

"To madalla. Baƙonka ai namu ne. Ga dambu na sauke yanzu, karɓi ka karya, na baƙi kuma sai an jima."

Ƙarshen maganar bai shiga kunnensa ba, don idonsa na kan kwanon. Dambu ne na gero da zogale, ya sha mai da albasa, yana tururi. Ya shige ɗaki, ya raba shi biyu daidai, rabi a kwanonsa, rabi a na Hajiya, ya baza kowanne da cokali don ya yi kamar da yawa. Cikinsa ya yi ƙugi. Ya ce masa, "Yi haƙuri, jari ne."

Gida na farko mai ƙofar katako ne, a kan kwana. Mazan unguwar yawanci suna ci-rani, don haka mace ce ta amsa sallama daga zaure.

"Wane ne?"

"Cha'ibu ne, maƙwabcinku."

"Wane Cha'ibu?"

"Na gidan Hajiya Shekara."

"Au, mai caji! Wayata ce ta ƙone?"

"Ko kusa. Ɗan abin taɓawa na kawo, haƙƙin maƙwabtaka."

Matar ta fito tana gyara mayafi. Sunanta Mas'uda. Ta buɗe murfi, ta shinshina, ta ɗebi kaɗan ta sa a baki, ta tauna a hankali tana kallonsa.

"Wa ya yi wannan dambun?"

"Ni, da hannun nan. Shekara uku ina kuku a wani babban otel a Kano."

"Ikon Allah. Sau nawa ka turara shi?"

"Sau bakwai."

"Bakwai!"

"Haka Larabawa suke so."

"Zogalen fa?"

"Daga Kano ake aiko mini. Na nan ba shi da ƙarfi."

Mas'uda ta ɗaga kai ta dubi bishiyar zogalen gidan Hajiya da ke leƙowa ta saman katanga, rassanta a tsige. Ta ce, "Gaskiya ne, na nan ba shi da ƙarfi. Jira ni."

Ta dawo da kwanonsa cike da shinkafa da wake, ga kuma wata 'yar langa tata da mai da yaji. Kwano ɗaya ya tafi, biyu sun dawo. Wannan ko a kalkil ɗinsa babu shi.

Gida na biyu mai koriyar ƙofa ne. Matar gidan, Najaha, doguwa ce mai saurin dariya. Ita ba dambun ta fara duba ba, kwanon ta ɗaga ta leƙa ƙasansa.

"Wa ya dafa?"

Cha'ibu ya ga bai kamata gwani ya maimaita magana ɗaya ba. "Ƙanwata ce ta aiko daga Kance."

"Daga Kance? Kuma har yanzu yana tururi?"

"Direban gudu gare shi."

Najaha ta toshe baki da mayafi, ta ce tari ne ya sarƙe ta, ta shige. Ya ji ana magana ƙasa-ƙasa a waya, ya ji wata dariya ta tashi ta bayan katanga. Ya gyara wuyan riga. Labarin dambunsa ya fara zagaya gari ke nan. Ta fito masa da ɗanwake har baki, da wani kwanon daban mai ƙwai biyu da tumatir.

A hanyar komawa akwai wata bishiyar dogon yaro daura da ƙofar Hajiya, a gindinta kuma akwai Malam Munkaila, wani dattijo da ke wuni a nan kan tabarma da carbinsa. Wata huɗu Cha'ibu yana wuce shi kamar kututture. Yau kuwa da kwano huɗu a hannu, ido ya haɗu da ido, ba dama.

"Barka da hutawa, Baba Malam."

"A'a! Barka kadai. Zo nan, zo nan. Ina kwana? Ina gajiya? Ya baƙunta? Ya ka baro mutanen Kance? Ya mahaifinka? Ya mahaifiyarka? Ya sanyin da aka yi? Ya zafin da ya biyo baya? Ya azumi? An yi salla lafiya?"

"Baba Malam, ai salla ta daɗe da wucewa."

"Na sani. Ajiye maka gaisuwar na yi ta yi, yau sai ka karɓe ta duka. Me ke cikin kwanon?"

Ba a wuce dattijo da abinci a yi shiru. Cha'ibu ya ce, "Bismilla," irin bismillar da ake yi ana tafiya, wadda kowa ya san amsarta ita ce alhamdu lillahi.

"To," in ji Malam Munkaila, ya naɗe hannun riga.

Ƙwai biyun ne suka fara tafiya. Sannan ɗanwake ya bi su, ɗaya bayan ɗaya, Cha'ibu na tsugune yana ƙirgawa da ido, kowanne ya wuce sai ya ji kamar haƙorinsa aka cire. Sai da kwanon ya koma rabi dattijon ya suɗe yatsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Allah ya yi wa hannun da ya yi shi albarka," in ji Malam, "ko na wane ne."

A ɗaki Cha'ibu ya sake kalkil. Ya raba shinkafa biyu, ya raba sauran ɗanwake biyu, ya ɓoye guda biyar a kofi don cikinsa. Ya fita zagaye na biyu rana na tsakar ka, ya bi ta lungun baya don kauce wa dogon yaro, lungun ya ɓulle da shi daidai gaban Malam Munkaila.

"Barka da dawowa! Ya hanya?"

"Ban tafi ba tukuna, Baba Malam."

"To a sauka lafiya."

Wannan zagayen abin mamaki ne. Duk ƙofar da ya nufa, kafin ya gama sallama mace na tsaye a zaure, waya a hannu, kamar shi ake jira. Wata ta tambaye shi yadda ake ɗanwake a otel, ya ce da injin ake jefa shi. Wata ta ce ta ji ƙanwarsa ta iya girki, ya ce shi ya koya mata. Wata tsohuwa ta ce tun da ga namiji ya zo, ya taimaka ya ɗora mata buhun gero kan rumbu, ya ɗora uku. Kowacce kuma ta haɗo shi da ƙarin kwano. Ya dawo da taliya da manja, da dafa-duka, da kwaɗon rama, da fate, kwanuka takwas cif a jere bisa ƙirjinsa har haɓa, gumi na bin bayansa.

Nan fa mai hankali zai tsaya. Abinci kala huɗu ya ishi baƙo biyu har su bar saura. Amma Cha'ibu takwas ya faɗa, cike, daga gida takwas, kuma Sa'adu ƙirgawa zai yi.

Ya jera su a ɗaki ya fita ɗebo ruwa ya watsa wa fuskarsa. Ƙofar ya bari a buɗe. Da ya dawo sai ya tarar da akuyar Hajiya tsaye a kan tabarmarsa, taliya na reto a bakinta, ƙafarta ɗaya cikin fate.

"Ke! Allah ya haɗa ki da mahauci!"

Akuya ta yi tsalle ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya faɗa kan kwaɗon rama da gwiwa. Daga cikin gida Hajiya ta ɗaga murya, "Lafiya, ɗan nan?"

"Lafiya lau, Hajiya! Motsa jiki nake!"

Abin da ya tsira bai fi cikin tafin hannu huɗu ba. Amma gwani ba ya rasa dabara. Ya kifa murfin gwangwanin madara a gindin kwano, ya lulluɓe shi da dafa-duka, ya yi tozo kamar na gaske. Ya ƙara wa fate ruwa har ya koma kamar kunu. Ya tsince taliyar da akuya ba ta taɓa ba, ko ba ta taɓa sosai ba. Na takwas ya rasa abin zubawa, dole ya fito da ɗanwaken nan biyar da ya ɓoye, ya jera su nesa da juna don su cika wuri.

Ya bi ƙofa bakwai. A kowacce magana ɗaya aka yi masa: "Mun ji kana da baƙi daga Kano. Bar kwanon, mu za mu kawo da kanmu in sun iso." Cha'ibu ya ji kamar ya taka rawa a lungu. Da kansu! A gaban Sa'adu!

Ta takwas wata shuɗiyar ƙofa ce a can lungun baya. Ya yi sallama, doguwar mace ta fito. Ya ƙura mata ido.

"Ke... ba ke ce ta ɗazu ba? Mai koriyar ƙofa?"

"Yayata ce," in ji Najaha, ko gezau. "Kama muke."

"Wallahi kamar an tsaga kara."

Ta buɗe kwano, ta ga ɗanwake biyar kowanne na zaman kansa. "Wannan kuma ƙanwarka ce?"

"A'a, wannan ni na yi."

"Au. Hannunka da na yayata iri ɗaya ne."

Bai sani ba, gidan ɗaya ne, ƙofa biyu gare shi.

Ana idar da sallar la'asar sai ga baburan kabu-kabu biyu sun tsaya gaban dogon yaro. Iliyasu ya sauko, ƙato, leɓɓansa sun bushe. Sa'adu ya biyo shi, siriri, idanunsa na yawo kamar na mai neman ɓataccen kuɗi. Cha'ibu ya tare su sanye da wankakkiyar shadda, ya shimfiɗa tabarma kusa da ta Malam, don ɗakinsa har yanzu warin akuya yake.

"Ka rame," in ji Sa'adu.

"Yawan nama ne. Likita ya ce in rage."

"Ina kwanukan?" in ji Iliyasu.

"Kai dai ba ka da haƙuri. Nan ba Kano ba ce da ake cin abinci a tsaye. Yau ma na hana gida huɗu, na ce takwas sun isa."

"Baba, gaskiya ne kowa ya san shi a unguwar nan?" Sa'adu ya tambayi dattijon.

"Yau kam," in ji Malam Munkaila, "ba wanda bai gan shi ba."

Sai ga su. Hajiya Shekara ce a gaba da sandarta, bayanta mata takwas a jere, kowacce da kwano a rufe, ta riƙo shi hannu biyu kamar kayan lefe. Bayansu kuma duk wanda ke da ƙafa a unguwar: tsofaffi, samarin fada masu zaman hira da butar shayinsu, har mai gyaran keke ya bar taya a buɗe ya taho. Iliyasu ya haɗiyi yawu da ƙarfi. Sa'adu ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, bakinsa ya mutu. Wannan shirun na Sa'adu shi ne abu mafi daɗi da Cha'ibu ya taɓa ji a duniya.

Aka jera kwanuka a tabarma. Cha'ibu ya harɗe ƙafa, ya nuna na farko da haɓa.

"Wannan daga gidan Alhaji ne."

"Wane Alhajin?" in ji Malam.

"Alhaji... babban. Iliyasu, buɗe, kada ya huce."

Iliyasu ya ɗaga murfi. A tsakiyar kwanon, can ƙasa, ga dambu cokali ɗaya.

"Ɗanɗano ne," in ji Cha'ibu da sauri. "Haka ake fara wa manya a nan. Buɗe na biyu."

Dambu cokali ɗaya.

"Gidajen biyu 'yan'uwa ne."

Na uku, dambu. Na huɗu, dambu, an ɗora shi a kan murfin gwangwanin madara. Wani daga cikin samarin fada ya ajiye buta ya kwanta a ƙasa. Na biyar, na shida, na bakwai, Iliyasu yana buɗewa kamar mai duba gawa. Saura ɗaya, wani tsohon kwano mai lotsattsen gefe.

"Wannan ai na san shi," in ji Sa'adu, bakinsa ya dawo. "Ba shi ne na ɗakinmu na Kano ba, da muka yi ta nema?"

Ya buɗe da kansa. Wayam. An wanke shi tas, har yana ƙyalli.

Hajiya Shekara ta dogara sanda ta matso.

"Baƙi, sannunku da hanya. Ku yi haƙuri, ba da ku muke ba. Ɗan nan, ka ga wannan?" Ta nuna Mas'uda. "'Yata ce ta cikina. Shekara talatin tana cin dambuna, ka kai mata ka ce na Larabawa ne."

"Sau bakwai aka turara shi, Inna," in ji Mas'uda.

"Wannan kuma, Najaha, matar ɗana ce. Kwanon da ka kai mata ita ta saya mini, ga jan farcenta a gindinsa."

"Ni da yayata muna gaisuwa," in ji Najaha. "Ya direban Kance?"

"Sauran kuwa, wadda ba jikata ba 'yar ƙanena ce. Tun kwanon farko muka sani. Muka ce a bar shi, mu ga inda kalkil zai tsaya."

"Da wayoyin da ka yi mana caji jiya muka yi ta kiran juna," in ji wata daga baya. "Cajinka yana riƙewa, wannan kam ba ƙarya."

Dariya ta ɓarke har tsuntsaye suka tashi daga dogon yaro. Sa'adu ya riƙe ciki yana bubbuga kafaɗar Iliyasu, Iliyasu kuwa bai yi dariya ba, kwanukan yake kallo kamar zai yi kuka.

Cha'ibu ya yi gyaran murya. "Hajiya, ai gwaji ne. So nake in ga ko unguwar nan tana da haɗin kai. Kuma alhamdu lillahi, kun ci jarrabawa."

"Mun gode, mushe," in ji Hajiya. "To ga sakamako. Dambun da ka fita da shi da safe, ga shi nan mun mayar maka, bakwai. Na takwas naka ne, abin da ka zuba daga hannunka shi muka zuba maka. Shekarata sittin a unguwar nan ban taɓa ganin an mayar da kwano wayam ba sai yau, kuma kai ka jawo mana. Da ka tsaya ka saurare ni da safe, ai na ce maka na baƙi sai an jima."

Ta ɗaga sanda. Aka fito da shi daga gidanta: tuwon gero a babban akushi, miyar kuɓewa tana ƙamshin daddawa, zabi biyu a soye, da ƙwaryar fura mai sanyi. Tun azahar matan suka haɗa hannu suka yi, lokacin da shi yake kokawa da akuya. Iliyasu ya ce, "Allahu akbar," da wata irin murya, ya matsa.

Cha'ibu ma ya matsa, ya naɗe hannun shadda. Tun jiya rabonsa da abinci. Sandar Hajiya ta sauka a tsakaninsa da akushi.

"Na baƙi ne."

"Ni ma ai baƙo ne a garin nan, Hajiya."

"Baƙon wata huɗu? Daga yau kai ɗan unguwa ne, kuma ɗan unguwa kwano bakwai na mutane suna hannunsa. Za ka mayar da kowanne gidansa, ka yi sallama, ka kira mai gidan da sunansa, ka gaishe shi. Kuma ka san ba a mayarwa babu komai."

"To me zan zuba?"

"Dambu mana," in ji Mas'uda. "Irin na otel."

Kafin ya buɗe baki an mirgino turmi daga zaure, an kafa shi a tsakiyar hanya. Najaha ta juye masa gero kwano biyu a ciki, ta yayyafa ruwa, ta miƙa masa taɓarya. Wata ta ajiye masa tulin zogale a faifai, ta ce ya yi haƙuri da na nan, motar Kano ba ta iso ba.

Cha'ibu ya juya kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Wani da ɗigon jan farce, wani da kore, wani an ɗaura masa zare a kunne. "To wanne ne na wa?"

"Kai da kowa ya san ka?" in ji Malam Munkaila, yana yagar cinyar zabuwa. "Tambaya za ka yi, gida gida. In ka zo wucewa kuma ina nan, akwai sauran gaisuwa."

Ya ɗaga taɓarya ya sauke. Gero ya yi tsalle ya watsu, kajin unguwa suka rugo. Mata suka sa guɗa. Ya sake ɗagawa, taɓarya ta daki gefen turmi, ta dawo ta gaida haɓarsa. Sa'adu ya share hannu a wando, ya ciro waya, ya saita ta.

"Sarkin kwanuka, 'yan Kano suna kallo. Me za a gaya musu?"

Cha'ibu ya tsaya yana haki, dusa a gira, shadda ta manne a baya. Ya dubi jama'ar da ta cika hanya maƙil, har bisa katanga, kowa na kiran sunansa daidai, ba mai cewa mai caji. Ya gyara tsayuwa, ya dafa taɓarya kamar sandar sarauta.

"Juya wayar su ga taron," ya ce. "Ku faɗi gaskiya, a cikinku wa aka taɓa fitowa kallo haka?"

"Daka, ɗan nan," in ji Hajiya Shekara. "Rana tana faɗuwa, kuma sau bakwai za ka turara."